Mota da Hanya: Gajeren Pon da Gangaren Koza

Tun da rani ya kama, aka fara kwasar gyaɗa da wake da dankalin Turawa daga kan duwatsu, babu tambayar da ta fi yawan zuwa mana kamar wannan: shin ya kamata mutum ya canja wa a-kori-kurarsa pon domin ta ƙara ƙarfin hawa? Wasu sun ce makanike ne ya ba su shawara, wasu kuma sun ce sun ga motar abokin aikinsu ce tana wuce su a hawa da lodin da ya fi nasu, da suka bincika aka ce musu ai pon aka canja mata. To, a wannan wata ga abin da za mu tattauna ke nan, kuma muna roƙon a yi haƙuri da ɗan lissafin da ke ciki, domin kuwa maganar ba ta fahimtuwa sai da shi.

Da farko dai, saboda waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Idan ka tsuguna bayan a-kori-kura, za ka ga wani ƙarfe ya ratsa daga tayar hagu zuwa ta dama, da wani ƙullutu kamar kabewa a tsakiyarsa. Shi ne makanikanmu na nan suke kira pon, da bakin Faransanci, 'yan'uwanmu na Mubi da Yola kuma suna ce masa bak-aksil. A cikin ƙullutun nan akwai ƙarafa biyu masu haƙora. Ƙaramin, wato pinyon, shi ne farfela take juyawa daga giyabos. Babban, wato kuron, faifai ne mai haƙora a gefe, shi ne yake karɓar juyi daga pinyon ya miƙa wa tayoyi. Akwai wasu ƙananan haƙora a can ciki da suke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana, amma ba su ne abin maganarmu yau ba.

Abin da ake kira ƙarfin pon ba komai ba ne illa lissafin haƙoran nan biyu. Alal misali, a cikin Toyota Hilux ana samun pon mai haƙora 41 a kuron da 10 a pinyon. Ka raba 41 da 10, ka sami 4.10, wato sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. Akwai mai 43 da 10, shi ne 4.30. Akwai mai 41 da 9, shi ne 4.56. Akwai kuma mai 39 da 8, wanda ake kira 4.88. Duk sa'ad da lambar ta ƙara girma, mota tana ƙara ƙarfin ja, gudunta yana raguwa. Shi ake ce wa gajeren pon. In lambar ta yi ƙasa, mota ta ƙara gudu, ƙarfin ja ya ragu. Shi ne dogon pon. Kada wani ya ɗauko ma'auni ya ce zai gwada tsawon ƙarfen, domin daga waje duk ɗaya suke, kamar tagwaye. Dattawan gareji ma suna tuna Peugeot 404, wadda pon ɗinta daban yake da na sauran motoci: wani ƙarfe ne mai murɗe-murɗe kamar kusa yake juya faifan tagulla, lissafinsa 21 da 5, wato 4.2. Fasalin ya bambanta, amma lissafin bai canja ba.

Me ya sa maganar ta fi damun mutanen Mokolo a kan mutanen Garwa? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, tsayinta daga teku bai wuce mita ɗari biyu da 'yan kai ba. Marwa wajen mita 400 take. Mokolo kuwa kusan mita 800, kuma in ka nufi Mogode da Rumsiki sai ka haura mita 1,000. Mai mota a Garwa yana iya shekara yana zirga-zirga tsakanin Pitowa da Figil bai sa giya ta ɗaya ba sai wajen tashi. Mu kuwa hanyar kwalta da muke tinƙaho da ita ita ce ta Marwa, mai tsawon kilomita wajen 80. In ka bar ta, ko dai ka hau dutse ko ka gangara daga dutse: hanyar Turu ranar Alhamis, hanyar Rumsiki ranar Lahadi, ga kuma hanyar Koza da ke bi ta Jingiliya, mai kwane-kwane kamar tafiyar maciji. Ranar Laraba kuma duk waɗannan hanyoyi su juyo da kayansu kasuwar Mokolo.

Bugu da ƙari, iska ma tana cin amanar inji a kan tudu. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 100, saboda iskar da yake shaƙa tana raguwa. Ke nan motar da ta taso daga bakin teku a Duwala, kafin ta iso ƙasar Kafsiki ta yi asarar kusan ushirin ƙarfinta, alhali babu abin da ya lalace a jikinta. Sai direba ya riƙa zargin fanfon gas, ana kwancewa ana ɗaurawa, kuɗi suna tafiya a banza.

Sa'an nan kuma yawancin motocin nan ba domin hanyarmu aka ƙera su ba. A zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake fitar da 504, motar tana zuwa da shirin hanyoyin Afirka, kuma kayanta suna ƙetarowa ta Mubi ba wuya. Amma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk wani sabon kaya daga Turai ya ninka kuɗinsa a dare ɗaya. Daga nan jama'a suka ƙara karkata ga tsofaffin motoci da tsofaffin kaya da ake saukewa a Duwala da Kwatano. Motar da aka yi wa lissafi domin shimfiɗaɗɗen titin Beljiyam ko Jamus, ita ce yau ake ɗora wa buhunan albasa a Koza a ce ta hau dutse. Ba laifinta ba ne in ta yi nishi. Kaduna ma ta daina haɗa 504 tun tsakiyar shekarun 2000, Hilux da 'yan'uwanta suka gaje tasha.

Kada a ɗauka mu kaɗai muke wannan aiki. A Amurka akwai masu sha'awar ƙera mota yadda ransu yake so, su ɗauki tsohuwar ƙwarya su sa mata babban inji, su canja mata pon domin tseren mita 402, inda ba a neman komai sai saurin tashi. Akwai wani pon na kamfanin Ford da aka fara yi a 1957, wanda har yanzu suke rububinsa, saboda ana zare cikinsa ɗungurungum a sa wani ba tare da an sauke dukan ƙarfen ba. Na Hilux ma haka yake zaruwa, shi ya sa aikin ya yi wa makanikanmu sauƙi. Bambancin kawai shi ne su wasa suke yi ranar hutu, mutum ɗaya a mota da hular kwano a kansa. Mu kuwa abinci ake nema, kuma a bayan motar akwai mata da goyo zaune a kan buhuna.

To, yanzu ga abin da mutum zai samu. In ka cire 4.10 ka sa 4.88, ƙarfin da yake isa ga taya yana ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin ɗari a kowace giya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hawan da da sai ka koma giya ta ɗaya, yanzu ta biyu za ta iya ɗauka. In aka tsaya a tsakiyar hawa, mota za ta tashi ba sai an ƙona kuloci ba, yaron mota kuma ya huta da gudu da waigi a hannu. Lagireto ma yakan sami sauƙi a hawa, domin inji yana juyawa a sake, fanka da fanfon ruwa suna aiki sosai, maimakon a danne totur inji yana kakari. Duk wannan gaskiya ne, kuma makaniken da ya faɗa maka haka bai yi maka ƙarya ba.

Sai dai inji bai ƙaru da komai ba. Dokin nan dai shi ne, linzami kawai aka canja. Abin da aka ba ka a hawa, a kan kwalta za a karɓe shi. Mu ɗauki tayar da take cin mita 2.3 a juyi ɗaya, wadda ita ce kusan girman tayar da Hilux take zuwa da ita. In kana tafiyar kilomita 80 a awa, tayar tana juyawa wajen sau 580 a minti. A giya ta huɗu, inda inji da farfela suke tafiya kai ɗaya, mai pon 4.10 injinsa yana juyi wajen 2,380 a minti. Mai 4.56 yana yin 2,640. Mai 4.88 kuwa 2,830. Duka ukun a lokaci ɗaya za su isa Marwa, amma injin na ƙarshe ya yi juyi 450 fiye da na farko a kowane minti, kuma kowane juyi da ɗan gas ɗinsa da ɗan cin ƙarfensa. Mai giya biyar yana da sauƙi, don ta biyar za ta sauko da shi wajen 2,400. Mai tsohuwar mota mai giya huɗu kuwa sai dai ya rage gudu ko ya saba da kukan inji.

Kuma mai ba ya arha kamar da. A watan Fabrairu na 2023 gwamnati ta ɗaga litar gas daga sefa 575 zuwa 720, a Fabrairun 2024 kuma ta kai ta 828, fetur ya kai 840. Zuwa-zuwan da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda shekara da shekaru shi ya riƙe motocin arewacin ƙasar nan, shi ma ya yi tsalle bayan da aka janye tallafin mai a can a watan Mayu na 2023. Saboda haka mai motar da aikinta Mokolo zuwa Marwa ne, ko Marwa zuwa Garwa, mu dai a ganinmu ba shi da wata hujja ta taɓa pon ɗinsa. Zai biya kuɗin aiki sau ɗaya, sa'an nan ya riƙa biyan haraji a gidan mai kullum. Wanda kuwa motarsa ta fi kwana a hanyar Turu da Mogode da Burha, inda da ƙyar ake wuce giya ta uku, shi gudun da zai rasa da ma ba ya amfani da shi.

Akwai mutum ɗaya da canjin ya zama kusan tilas a gare shi, shi ne wanda ya sa manyan tayoyi. Da yawa suna cire 205 su sa 7.50 mai lamba 16, saboda ta fi jure dutse kuma tana ɗaga cikin mota daga ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma babbar tayar ta fi ƙaramar tsayi da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma wannan daidai yake da a ce ka sa wa motar dogon pon ba ka sani ba. Sai a ji mai mota yana cewa tun da ya canja taya motarsa ta mutu. Ba ta mutu ba. In da 4.10 take, ka ƙara kashi goma, lissafi zai kai ka kusa da 4.56, kuma in ka sa shi ba wani ƙarfi ka ƙara mata ba, mayar da ita ka yi inda kamfani ya ajiye ta.

Yanzu kuma ga inda muke so a buɗe kunne. A tasha, in ka ji an ce wane ya canja pon, ba a cewa zai huta da ƙona kuloci. Cewa ake yi yanzu motarsa za ta ɗauki buhu ashirin. Nan ne matsalar take. A-kori-kura irin Hilux an yi ta ne domin ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, kuma mutanen da ke zaune a kai su ma cikin lissafin suke. Da can, in aka yi mata lodin da ya wuce kima, ita da kanta take ƙi: ta tsaya a hawa, a sauke wasu kaya ko fasinja su taka da ƙafa. Wannan gardama tata, ko da yake tana ɓata rai, wani irin gargaɗi ne. Gajeren pon yana kashe bakin gargaɗin. Mota ta haye da lodin da bai kamata ta haye da shi ba, mai ita yana murna, an manta cewa birkin nan shi ne na da, sifirin shi ne na da, boris da tayoyi duk su ne na da.

Kuma duk abin da ya hau sai ya sauko. A ce mota da lodinta na ƙa'ida tan biyu da rabi ce, aka yi mata lodi ta kai tan huɗu. A gangare ɗaya, zafin da birki zai sha ya ƙaru da fiye da rabi, domin birki ba abin da yake yi illa mayar da nauyi da gudu su zama zafi. Birkin baya na waɗannan motoci irin na kwano ne, wanda in ya yi zafi yakan buɗe, takalmin birki ya daina kama shi sosai. Man birki kuma yana shan raɓa daga iska a hankali. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. In ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba komai. A kwanonin Koza, inda dutse yake hannu ɗaya rami yake ɗaya hannun, ba a samun lokacin yin dabara. Allah Ya kiyaye mu. Muna tambaya, masu mota nawa ne suka canja pon suka kuma tuna da canja man birki a rana ɗaya, alhali kuɗinsa bai kai ushirin na pon ba?

Wani zai ce, ai gajeren pon yana taimakawa a gangare, tun da inji yana riƙe mota. Haka ne, kuma wannan yana cikin manyan amfaninsa, amma fa sai mota tana cikin giya. Ga yadda abin yake faruwa: mai mota ya canja pon, shan mai ya ƙaru, amma kuɗin man da yake ba direba bai ƙaru ba. Direba kuma yana da iyali. Sai ya nemi inda zai rage asara, ya ga babu wuri kamar gangare, ya sa mota a firi, wani ma har ya kashe inji. To, a lokacin nan pon ko na 4.10 ne ko na 4.88 duk ɗaya, tan huɗu ne a kan birki shi kaɗai. In an kashe inji kuma, abin da ke taimaka wa ƙafa wajen danna birki yakan ƙare bayan taku biyu ko uku. Mu a nan ba direba kaɗai muke ɗora wa laifi ba. Maigidan da ya san ya gajarta pon ya kuma ƙi ƙara kuɗin mai, shi ya tura yaronsa ga firi, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ba ta tsufa ba: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko.

Ƙarin ƙarfin nan kuma ta cikin sanduna biyu yake bi kafin ya kai ga tayoyi, kuma su ba a ƙara musu kauri ba. Mota cike da kaya, taya ɗaya ta maƙale a bayan dutse, direba ya saki kuloci da ƙarfi, sai ka ji ƙas. Shi kansa pinyon mai haƙora 8 ya fi mai 10 ƙanƙanta, haƙoran da suke haɗuwa da kuron a lokaci ɗaya sun ragu, saboda haka bai fi jure wulaƙanci ba, ya ma fi saurin karaya.

Masu kat-kat kuwa, wato motar da ke ja da ƙafa huɗu, su nasu kashedin daban ne. Pon biyu gare su, na gaba da na baya, kuma dole lissafinsu ya zama ɗaya. In na baya 4.88 ne na gaba 4.10, da zarar an sa ƙafa huɗu tayoyin gaba za su nemi su fi na baya gudu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A cikin yashin mayo ko taɓo tayoyi za su riƙa zamewa, abin ya ɓoyu. A kan dutse ko busasshiyar ƙasa kuwa babu zamewa, sai dai wani ƙarfe ya sadaukar da kansa, kuma yawanci mai tsadar ne. Wanda ba shi da kuɗin pon biyu, ya bar motarsa yadda take.

Ta yaya mutum zai san abin da ke cikin motarsa, ko abin da ake shirin sayar masa? A wajen masu tsofaffin kaya, ko a Kam Yabasi ta Duwala ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a nan kusa da mu, kowane pon "mai ƙarfi" ne a bakin mai sayarwa. In an zare shi, abin da sauƙi: sau da yawa lambobin suna buge a gefen kuron, in ba a gan su ba a ƙirga haƙora da alli. In kuwa yana jikin mota, ga dabarar da ba ta cin ko dala. A sa waigi a tayoyin gaba, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a sa giya a firi, a saki birkin hannu. A yi alama da alli a jikin farfela, a yi wata a jikin taya. Mutum ɗaya ya juya tayar sau ashirin cif, wani yana ƙirga juyin farfela daga gefe, ba tare da ya shiga ƙarƙashin motar ba. In ya ƙirga 41, pon 4.10 ne. In 43, 4.30 ne. In 45 da rabi, 4.56. In ya kusa 49, to 4.88 ne. Dalilin da ya sa ake juyawa sau ashirin maimakon goma shi ne, in taya ɗaya tana ƙasa, wadda ke sama tana juyi biyu kafin kuron ya yi ɗaya.

Wajen ɗaurawa, mafi aminci shi ne a sayi cikin pon ɗin a haɗe kamar yadda ya fito daga wata motar, a duba ba ya da wasa, a ɗaura. Inda ake samun ɓarna shi ne in an sayi kuron daban pinyon daban. Waɗannan biyun tun a masana'anta ake goga su da juna har su saba, tare ake sayar da su, tare kuma suke tsufa. In ka aurar da kuron wannan da pinyon wancan, ko da lissafin haƙoransu ya yi daidai, kuka za su yi ta yi har su cinye juna. Ko sababbi ne ma, sai an daidaita zurfin pinyon da 'yan siraran ƙarafa, an ɗaure boris daidai ƙima, an bar ɗan wasa tsakanin haƙora wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Makaniken kirki zai shafa fenti a haƙoran kuron, ya juya, ya duba inda pinyon ya taɓa: in tabon yana tsakiyar haƙori, aiki ya yi, in yana can baki ko can gindi, sai a sake. Aiki ne na yini guda, kuma akwai masu iya shi a Marwa da Garwa, har da nan Mokolo. Wanda ya ce maka zai gama kafin ka sha shayi, ɗauki motarka ka yi gaba.

Bayan an gama, a zuba man giya mai kauri wanda aka rubuta GL-5 a jikin galan ɗinsa, ba baƙin man da aka tsiyaye daga inji ba, domin haƙoran pon gogar juna suke yi, ba birgima kaɗai ba, kuma man inji ba ya jure wannan matsi. In haƙoran sababbi ne, a yi wajen kilomita 800 da lodi marar nauyi, a juye man a sa wani. Da damina kuma, duk motar da ta ratsa mayo ruwa ya kai mata ciki, a kwance noti a duba: in man ya koma kamar kunu, ruwa ya shiga ta ɗan bututun numfashi da ke saman pon, kuma kwana kaɗan boris zai fara waƙa.

Saura magana ɗaya, ta maleji. A tsofaffin motoci daga giyabos yake ɗaukar lissafinsa, bai san an canja komai a baya ba. In an tashi daga 4.10 zuwa 4.88 ba a canja taya ba, kana tafiyar 80 zai nuna maka 95, kuma tafiyar Mokolo zuwa Marwa zai rubuta ta kilomita 95. Mai motar da ke lissafin mai da canjin baƙin mai da abin da maleji ya nuna, sai ya gyara lissafinsa, kada ya zargi direba da yawon da bai yi ba. Sababbin motoci masu ƙirga juyi daga taya ba su da wannan matsala. Kuma tun da babu inda ake rubuta lissafin pon a takardun mota, ranar da za a sayar da ita sai a gaya wa mai saye abin da ke ciki, musamman in mutumin Garwa ne da zai kai ta kwalta, ko kuma in kat-kat ce da aka canja mata pon biyu, don kada ran da ɗaya ya lalace ya je ya sayo na asali ya haɗa da wanda ba irinsa ba.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar ƙarin ganyen sifirin, wanda shi ma ana yinsa da yawa a garejojin hanyar Mogode. Masu tambaya su miƙa wasiƙunsu ofishin jarida kafin ranar 20 ga wata.